Kafin a kwance kan injin DT

Wanda ya daɗe a Maraɗi yana gane DT tun bai hango shi ba: ƙara siririya mai tsini, da shuɗin hayaƙi na biye. Shi ne babur ɗin malaman gona, da ma'aikatan rigakafi, da ma'aikatan ƙungiyoyin raya karkara, saboda shi ne ba ya tsoron yashin Gulbin Maraɗi. Kamfanin Yamaha ya fito da DT na farko a 1968, mai lamba 125 kuma ya biyo baya a farkon shekarun 1970. Dokokin taƙaita hayaƙi sun kore shi daga kasuwar Turai, amma a nan yana da sauran numfashi. Har yau mai garka a fadamar Jiratawa, ko mai fataucin bisashe da ke bin ƙauyukan bayan Tibiri, ba ya son rabuwa da shi.

Sai dai a garejojin bakin titi na unguwar Zariya an fara yi masa kallon tsohon da ya gama yayi. Da mai shi ya ce babur ba ya ja, ko yana shaƙewa in an murɗa masa wuta, amsar ba ta wuce ɗaya: “Alhaji, sai an buɗe kai, ringi ya tafi.” A buɗe, a sa sabon fistan da ringi, a karɓi jikkuna, mako biyu babur ya koma gidan jiya. Daga nan sai a yanke hukunci cewa tsufa ne, a sayar a sayi Boxer ko Haojue.

Wannan shafi bai yarda da hukuncin ba. Mafi yawan DT da ke mutuwa a garin nan gyaran gaggawa ne ke kashe su, kuma laifin rabawa ne tsakanin bakanike da mai babur.

Tushen abin shi ne yaran da ke koyon aiki yau sun tashi ne a kan baburan kabu-kabu, masu inji mai bugu huɗu, inda baƙin mai ke zaune a ɗakinsa, fetur a nasa. DT bugu biyu ne. Duk zagaye ɗaya yana tada wuta, ba shi da bawul a kai, kuma fetur da iska sai sun ratsa akwatin ƙasa na injin kafin su hau sama su ƙone. Man da ke shafe ƙarafan ma tare yake tafiya da fetur, tare suke ƙonewa. Ma'anar haka ita ce injin yana rayuwa ne da daidaiton shigar iska da fitar hayaƙi. Ko'ina aka toshe, ko ko'ina ya yi yoyo, ƙarfi ya tafi, alhali fistan lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa wanda ya san aikin yake fara kwance buji, ya duba launinsa. In ya yi ruwan ƙasa a bushe, cakuɗin fetur da iska daidai ne. In ya yi baƙi da danshi, fetur ko mai ya yi yawa, ko iska ba ta isa. In kuwa ya yi fari fat, to a kashe injin nan take, domin fetur ya yi kaɗan, zafi na hawa, kuma irin wannan ne ke huda fistan ko ya maƙale shi a hanyar Ɗan Isa da tsakar rana. Dubawar ba ta cin ko dala.

Bayan buji sai matatar iska, soson nan da ke cikin akwati ƙarƙashin sirdi. A ƙa'ida ana wanke shi, a shanya, a shafa masa mai kaɗan don ya riƙe ƙura. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar Maraɗi tana cika shi cikin 'yan kwanaki, babur ya riƙa nishi da baƙin buji. Abin da wasu ke yi sai su cire soson su jefar, su ji babur ya farka, su yi murna. Yashin da ya samu hanya kuwa shi zai goge silinda cikin 'yan watanni, kuma a lokacin ne maganar “ringi ya tafi” ke zama gaskiya.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mai. Tun 1964 Yamaha ya soma sa wa baburansa ƙaramin famfo, Autolube, wanda ke auna mai daidai da murɗin wuta. A kan tsofaffin DT na nan, sau da yawa za ka tarar an cire famfon ko an yanke wayarsa, an koma zuba mai cikin tanki da ido. Zubawa cikin tanki ba laifi ba ne in an auna: kashi 2 cikin 100 yana nufin mililita 20 a kowace lita, kashi 4 kuma mililita 40, gwargwadon abin da injin da irin man suka buƙata. Amma awon da ake yi a bakin titi shi ne “ƙara masa kaɗan, Malam, ya fi lafiya.” Kuma abin da ake ƙarawar galibi baƙin man babur mai bugu huɗu ne, wani lokaci ma wanda aka juye daga mota. Ba a yi wannan mai don a ƙone shi ba. Yana barin gawayi a kan fistan, ya liƙe ringi a raminsa, ya rage faɗin ƙofar fitar hayaƙi, ya cika salansa da kwalta. Man da ya dace an rubuta 2T a jikin robarsa, mai kyau kuma yana ɗauke da alamar JASO FC ko FD. Akwai wani abu da mutane ba sa lura da shi: in mai ya yi yawa cikin tanki, fetur ɗin da ke ratsa ƙaramar kafar kabureta raguwa yake yi, don haka mai neman sanyaya injin sai ya ƙara masa zafi.

Salansar da ta toshe tana da alama da ba ta ɓuya. Babur yana tashi lafiya, yana zama lafiya, amma da an nemi gudu sai ya tsaya a wani mataki ya ƙi wucewa, ƙararsa ta dushe. Maganin shi ne a zare bututun ciki, a ƙone gawayin, a kankare ƙofar hayaƙi. Aikin awa ɗaya ne. Masu ƙaramin janaretan Tiger da ke haska shaguna sun san wannan ciwo sarai, domin injin iri ɗaya ne, cin zarafin ma iri ɗaya.

Sai fetur ɗin kansa. Shekaru da yawa Maraɗi ta rayu da man kwalba na 'yan ruwa-ruwa, wanda ke shigowa daga Jibiya. Janye tallafin mai da Shugaban Najeriya Bola Tinubu ya yi ranar 29 ga Mayu 2023, da rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin shekarar, sun juya wannan ciniki, mutane da yawa suka koma gidajen mai masu sayar da na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011. Duk da haka, wanda ya shiga ƙauye kwalba ce gatansa. Man da ya kwana a jarka ya sha rana yana ɗauko ruwa da datti, tsohon tanki kuma ya ƙara masa tsatsa, kafar kabureta kuwa, ƙarama ko babba, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe ta. In ƙaramar kafa ce ta toshe, babur ba ya zama, sai ya mutu a tsaye. In babbar ce, sai an buɗe wuta yake shaƙewa. Akwai ma ciwon da ya fi waɗannan arha: ƙaramin ramin iska na murfin tanki. In ya toshe, babur zai bar unguwar Zariya garau, ya mutu kafin Tibiri, a buɗe murfi a duba mai, ya sake tashi kamar ba abin da ya faru. An sha ɗora wa aljanu laifin wannan rami.

Yanayi ma yana da hannu. Iskar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba ta da kaurin ta Janairu, don haka kaburetar da aka daidaita da sanyi za ta riƙa ba da fetur fiye da kima da bazara.

Ciwon da ke buƙatar gwani na gaske shi ne na robobi biyu da ke rufe gefunan akwatin ƙasa. In ta gefen wuta ta bushe, injin na zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya: an saki wuta amma ƙara ta ƙi sauka, buji ya yi fari. In ta gefen kuloci ce, man giya yake sha: hayaƙi mai kauri, man giya na raguwa ba tare da ɗigo a ƙasa ba. Babu murɗin kabureta da zai gyara ko ɗaya. Haka siraran faranti na bakin shigar iska: in bakinsu ya gutsure, tashi na wuya, fetur na komowa baya. Shi kuwa babur ɗin da ƙararsa ke hawa cikin yashi amma gudu bai ƙaru ba, injinsa ba shi da laifi, kuloci ne ke zamewa.

Sai an wuce duk waɗannan ne ake da hujjar zargin ringi, kuma ko shi akwai ma'auni. Ƙaramin agogon auna matsi da ake ɗaurawa a ramin buji yana faɗin gaskiya cikin minti biyu. Injin irin wannan da matsinsa ya faɗo ƙasa da psi 90 zuwa 100 ya cancanci a buɗe shi. Garejoji kaɗan ne ke da agogon.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai babur a garin nan ba ya biyan kuɗin bincike. Bakaniken da ya ɓata rabin awa ya gano ramin murfin tanki ne, ya huda shi da allura, “sannu da aiki” zai samu, ko kuɗin shayi in an yi kirki. Wanda ya baje injin a kan buhu ya aiki yaro kasuwa sayen fistan, shi ake ƙirga wa jikkuna, har da ribar kaya a ciki. Maigidan gareji da ke da yara biyar da iyali ya san wanda zai zaɓa. Masu DT da ke son baburansu su ƙara shekaru sai su tambayi abin da aka duba kafin a taɓa kusoshin kai, su kuma biya wanda ya gano ciwon ko da bai canja musu ko kusa ɗaya ba. Ƙungiyoyin da har yanzu ke ba ma'aikatansu irin wannan babur kuwa, kuɗin fistan ɗaya da ringinsa ya isa su saya wa garejin da suke hulɗa da shi agogon auna matsi da ƙoƙon auna mai.