Wankin Fim a Ƙasar Tasawa: A Daina Jiran Injin Kala

Saurayin da ya tsinci tsohuwar kyamarar fim a akwatin mahaifinsa a Kona, ya yi sa'ar samun fim ya ɗura mata, ya ɗauki hotuna 36 na kasuwa da kokowa da hawan salla, a nan ne wahalarsa za ta soma. Ina za a wanke masa? Masu hoto na Tasawa da Mayahi sun daɗe da komawa kyamarar zamani da na'urar bugawa, abin da ke kawo musu kuɗi shi ne hoton katin ɗan ƙasa da na biki. Za a ce masa ya tambaya a Maradi, a Maradi a ce ya gwada Kano ko Yamai, fim ɗin kuwa yana aljihu yana shan zafi. Ra'ayina shi ne neman wurin wanki mai araha kuma abin dogaro a manyan birane ɓata lokaci ne ga mutumin wannan yanki. Hanyar da za ta ɓulle ita ce masu sha'awar su koma ga fim baƙi da fari, su haɗa kai su riƙa wankewa da hannunsu, tsofaffin masu hoto na yi musu jagora.

Sai an san abin da ya kashe sana'ar kafin a yarda da wannan. Har zuwa shekarun 1970, mai hoto a Afirka ta Yamma shi ke ɗauka, shi ke wankewa a ɗakin duhunsa, shi ke bugawa. Haka Seydou Keïta da Malick Sidibé suka yi a Bamako, haka Philippe Koudjina ya yi a Yamai. A shekarun 1980 injinan wankin hoto mai kala suka shigo manyan garuruwa, mai hoto ya zama ɗan aike, ya tara fina-finai ya kai birni ya jira. Ilimin wanki ya fita daga hannunsa ya shiga cikin inji. Da kyamarar zamani da wayar hannu suka zo, injin ma ya rasa ciniki. Kamfanin Kodak kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Janairun 2012. Injin kala ba ya rayuwa sai da fim mai yawa kullum, domin magungunan da ke cikinsa suna lalacewa in suka zauna ba aiki. Mai shagon da ake kawo wa fim biyu ko uku a mako, ko dai ya tsawwala kuɗi, ko ya wanke da gurɓataccen magani hoto ya fito kore-kore. Don haka araha da inganci ba za su haɗu a irin wannan shago ba, ko mai shi mutumin kirki ne.

Tsarin wankin kala da Kodak ya fito da shi a 1972, wanda ake kira C-41, yana son zafin ruwa ya tsaya a kusan digiri 38 ba ƙari ba ragi, na minti 3 da daƙiƙa 15, abin da ke buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa. Baƙi da fari kuwa mai haƙuri ne. Kayan aikinsa 'yan kaɗan ne: baƙar jaka mai hannaye biyu da haske ba ya shiga, ƙaramin tanki na roba, ma'aunin zafi, kofin awo, da magani iri biyu. Mutum zai zura hannayensa cikin jakar, ya fasa gwangwanin fim, ya lallaɓa da yatsa ya naɗe shi a kan faifan tankin ba tare da ya gani ba, ya rufe. Daga nan komai a fili ake yi. A zuba maganin fito da hoto, a riƙa juya tankin a hankali kowane minti, a zubar, a ɗauraye, a zuba maganin da ke kafe hoton, a wanke da ruwa sosai, a rataye da matsi irin na shanya. Rabin awa ta isa. Akwai maganin fito da hoto da ake kira Rodinal, wanda aka ƙirƙiro a Jamus tun 1891, yana shekaru a kwalba bai lalace ba. Ana tsarma kashi 1 cikin ruwa kashi 50, ke nan kwalbar rabin lita za ta wanke fim kusan 80. Ga arahar da ake nema. Ba dole ne a sayi na'urar bugawa ta da ba, domin ana iya ɗora fim ɗin a kan haske a ɗauke shi da kyamarar zamani ko waya, a juya shi a kwamfuta, a buga a kowane shago.

Mai suka zai ce an ƙaddara wannan wanki a kan digiri 20, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin jihar Maradi yana haura 40. Wannan magana ce mai nauyi, domin ruwa mai zafi yana sa hoto ya ƙone da sauri, ya kuma tausasa fatar fim har ta kwaile. Amma kamfanonin fim da kansu suna buga jadawalin rage lokaci in ruwan ya kai digiri 24, kuma ruwan randa da aka jefa wa ƙullin ƙanƙara da asuba yana sauka zuwa nan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ma sanyin safiya ya wadatar. Abokin gabar gaske a lokacin hunturu shi ne ƙura, wadda ke manne wa jiƙaƙƙen fim ta zauna har abada. Maganinta ɗaki ne a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a rataye. Waɗanda suka yi wannan aiki a Maradi da Damagaram shekaru 50 da suka wuce ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma hotunansu suna nan a bangon gidaje.

Suka ta biyu ta fi yawa a bakin mutane: waya tana ɗaukar hoto kyauta, me ya kai mutum ga wannan wahala? Ba na musun amfanin waya. Sai dai kowa ya san gidan da hotunan suna da na aure suka tafi tare da wayar da aka sace ko katin da ya mutu. Fim baƙi da fari azurfa ce a jikinsa, in an wanke shi da kyau aka adana a busasshen wuri yana haura shekara 100, yayin da rinin hoto mai kala ke koɗewa. Keïta ya buɗe shagonsa a 1948, ya adana dubban fina-finansa, shi ya sa da masu bincike suka gano shi a farkon shekarun 1990 aka sake buga su, duniya ta ga mutanen Bamako na wancan zamani da kayan jikinsu. Sidibé ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Banis a Italiya a 2007. Ƙasar Tasawa ma tana da irin wannan taska, a cikin kwalaye da gwangwanayen madara a gidajen tsofaffin masu hoto, kuma zafi da damshin damina suna cinye ta. In aka buɗe gwangwani aka ji tsami ya bugi hanci, fim ɗin ya fara ruɓewa ke nan. Wanda ya iya wanki shi ne zai san darajar abin da ke ciki, ya san yadda ake ceto shi.

Akwai kuma mai cewa a yankin da damuwar mutane ita ce gero da ruwan sha, wannan shagala ce ta masu hali. Da mutum ɗaya zai ɗauki nauyin, da na yarda, tun da fim ya yi tsada a ko'ina a 'yan shekarun nan, rufe iyaka da Najeriya da aka yi a 2023 kuma ya nuna yadda kayan da ake shigowa da su ke iya yankewa dare ɗaya. Wannan ne dalilin haɗa kai. A wannan jiha ta Maradi tsarin asusun Mata Masu Dubara ya fara a 1991, har ya bazu ƙasashe da dama, saboda haka ba mu buƙatar a koya mana tara kuɗi. Mutum goma daga Kona da Tasawa da Mayahi za su iya sayen tanki ɗaya, su yi odar fim da magani sau ɗaya a shekara, su nemi ɗaki a gidan matasa, su biya wani dattijon mai hoto ladan koyarwa. Sharaɗi ɗaya da bai kamata a sassauta ba shi ne na maganin kafe hoto da ya gama aiki. Yana ɗauke da azurfa, bai dace a zubar da shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi ba. A tara shi a jarka, a jefa soson ƙarfe a ciki ya janye azurfar, sannan a san inda za a kai ragowar.