Suyar Naman Barewa da Kuskuren Liebig

A ƙasashen Turai da Amurka, inda farautar barewa ke da lokacinta da lasisinta, akan yanka tsokar bayan dabbar fala-fala a soya a kaskon ƙarfe. Har yau wasu littattafan girki na cewa a fara da wuta mai ƙarfi domin bayan naman ya toshe, ruwansa ya kasa fita. Wannan magana ba ta da tushe, kuma bai kamata malaman kimiyya su bar ta tana yawo ba.

Asalinta daga Justus von Liebig ne, masanin kimiyyar sinadarai na Jamus, wanda ya bayyana ta a 1847. Girman sunansa ya sa masu girki suka karɓe ta ba tare da awo ba. Da aka zo aka gwada a Amurka cikin shekarun 1930, sai aka ga naman da aka fara babbakewa yana zubar da ruwa kamar sauran, wani lokaci ma fiye. Kunne kaɗai ya isa shaida: ƙarar da kasko ke yi, ruwa ne ke fitowa yana zama tururi.

Amfanin zazzafan kasko daban ne. Idan zafi ya haura digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, sinadaran furotin da sukarin da ke bayan naman sukan haɗu su ba da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi, irin wanda ke tashi daga tukubar mai tsire. Bafaranshe Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912. Shi ya sa ake tsane naman tukuna, domin jiƙaƙƙen nama ba ya wuce digiri 100 sai ruwan bayansa ya ƙone.

Abin da ke riƙe ruwa kuwa shi ne zafin cikin tsoka. Kusan kashi 75 cikin 100 na ɗanyen nama ruwa ne, kuma daga wajen digiri 60 zaruruwansa kan fara tsukewa suna matse shi. Naman barewa, da kitsensa bai fi kashi 3 cikin 100 ba, ba shi da maiƙon da zai rufa masa asiri; ɗan jinkiri kaɗan sai ya koma kamar ƙirgi.

Ɗalibai na iya gwadawa da jan naman akuya. A auna yanka biyu a sikeli, a fara ɗaya da wuta mai ƙarfi, ɗayan da marar ƙarfi, a sauke su idan cikinsu ya kai zafi ɗaya, sannan a sake aunawa.