WA ZAI YI JINYAR MAI JINYA?

Daga Wakilinmu na Rano

Jama'a, akwai wata kalma wadda mahukuntan ƙasar nan suka iske ta fi kowace araha, saboda haka suke rabonta ba mudu ba awo, watau "haƙuri". In babu magani a asibiti, a ce a yi haƙuri. In albashi ya makara, a yi haƙuri. Yanzu kuma an ɗinka wa kalmar sabuwar riga, an sa mata suna "juriya", ana ta cewa wai ɗaliban aikin jinya na jami'o'inmu ba su da ita, yaran zamani ne, ba su iya wahala ba. To, mu dai ba mu yarda ba. Yaran nan suna da juriya har ta yi yawa. Abin da suka rasa shi ne mai duba halin da suke ciki.

DAGA FAMMAR ZUWA ƊAKIN MAJINYATA

Bari mu kawo misali, don magana ta fito fili. A ɗauka ga wata yarinya 'yar Fammar ta ƙasar Kibiya, ta yi ƙoƙari ta sami shiga jami'a a Kano don koyon aikin jinya. Ubanta ya sayar da buhunan masara, uwarta ta sayar da tunkiya, aka haɗa kuɗin rajista. Tun ba ta cika shekara guda ba duk gari ya fara kiranta "likita". In ta zo hutu, wannan ya kawo ciwon ƙafa, waccan ta kawo jariri mai zazzaɓi. Ta san idon kowa na kanta, kuma in ta faɗi jarrabawa ba ita kaɗai ta faɗi ba, har da masarar da tunkiyar.

Karatun nan shekara 5 ne, sa'an nan a ƙara shekara guda ta koyon aiki a asibiti. Ban da jarrabawar jami'a akwai ta Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta ƙasa, wadda in ba a ci ta ba, babu lasin yin aiki. Wani lokaci aji, wani lokaci ɗakin majinyata, wani lokaci aikin kwana. Yarinyar da ba ta taɓa ganin gawa ba, ita ce za ta tsaya kan mace mai haihuwa jini ya ɓalle mata har rai ya yi halinsa, ta ji kukan dangi, ta wanke hannu, ta wuce gado na gaba. Wa ya kira ta gefe ya ce, "Yaya kika ji?" Babu. Gobe da sassafe kuma ga jarrabawa.

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Janairu na 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci 2 na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A 2023 cutar mashaƙo ta fi yin ɓarna a Jihar Kano bisa ga ko'ina a Nijeriya, yawancin waɗanda ta kama kuwa ƙananan yara ne. Irin ɗakunan da ake tura ɗalibai ke nan. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata 8 cur ɗalibai na zaune a gida, shekarunsu na tafiya. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, a shekarar kuma jami'o'in Tarayya da dama, har da ta Bayero, suka ƙara kuɗin rajista. Shin wanda ya haye duk wannan bai ajiye karatu ba, shi za a ce ba shi da juriya? Haba!

CIWO NE, BA RAGWANCI BA

Sai a wayi gari barci ya ƙaurace wa yarinya, abinci ba ya shiga, ta buɗe littafi ta karanta shafi sau uku ba ta riƙe komai ba, gabanta na faɗuwa ba dalili, ta daina shiga cikin ƙawaye. Likitoci sun san wannan, suna kiransa ciwon damuwa da ciwon fargaba, kuma yana da magani kamar yadda hawan jini yake da shi. Amma a makaranta sai a ce son jiki ne. A gida a ce iska ce, ko sammu. Ita kuma ta yi gum, don ta san da zarar an ji ta ga likitan ƙwaƙwalwa za a fara yi mata ba'a da sunan Dawanau, watakila ma mai neman aurenta ya janye. Addu'a ba ta hana shan magani, kowa ya san wannan a kan zazzaɓin cizon sauro. Me ya sa in aka zo kan ƙwaƙwalwa sai a manta?

Abin ba sabo ba ne, balle a ɗora wa yaran zamani. Tun 1960 wani likita mai suna Raymond Prince ya ba da bayanin gajiyar ƙwaƙwalwa da ya gani wajen ɗaliban Nijeriya: zafi a ka, da kasa fahimtar abin da ake karantawa. Ita kanta Florence Nightingale, wadda ake bikin ranar ma'aikatan jinya a ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, bayan ta komo Ingila daga jinyar sojoji a 1856 ta yi shekaru masu yawa tana fama da rashin lafiya, galibi a kwance. Ita ma raguwa ce?

INA JURIYA TAKE FITOWA?

Za a ce mana aikin jinya ba na mai raunin zuciya ba ne, tilas a gasa ɗalibi kafin a ba shi amanar rayuka. Mun yarda aikin na da wuya, ba mu ce a lallashi kowa ba. Amma maƙeri ma in ya sa ƙarfe a wuta yakan fitar da shi a kan kari, in ya bar shi ya manta, ba fartanya zai samu ba.

Masana sun bincika wannan magana. A tsibirin Kawai na ƙasar Amurka wata malama mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka manyanta. Cikin waɗanda suka tashi a talauci da rikicin gida, wajen kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu riƙon kansu. Babban abin da ta gani tare da su shi ne, kusan kowannensu ya sami wani babba guda wanda ya riƙe shi, ko kaka, ko malami, ko maƙwabci. Ashe juriya ba a cikin jini kaɗai take ba, shuka ce, sai da ruwa da taki. Manomin Fammar bai yi boko ba ya san haka. Ba ya tsayawa a bakin gona ya yi wa dawa huɗuba ta yi ƙwari, taki yake kai mata.

A nan ƙasar ma an taɓa nuna hanya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. Duniya ta yaba, har ya zama Mataimakin Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu kuwa muka ci gaba da aiki da Dokar Mahaukata ta 1958, wadda asalinta na Turawan mulki ne tun 1916, sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. Madalla da doka. Amma doka a takarda ba ta sauraron kukan kowa, ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne kawai. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa cika alkawarin ba. Assha!

WA KE ASARA?

Talaka ne. A Fabrairun 2024 Magatakardan Hukumar Ma'aikatan Jinya, Faruk Abubakar, ya faɗa da bakinsa cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara 3, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Maganin da Hukumar ta kawo a lokacin shi ne ta ce ba za ta tantance takardun mai son fita ba sai ya yi shekara 2 yana aiki, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Ikko. Watau ɗaki na yoyo, maimakon a gyara rufi sai aka sa sakata a ƙofa.

Waɗanda suka rage kuwa, aikin mutum biyar ya koma kan mutum guda, a hannunsu kuma ɗalibai suke koyo. Mun sha jin mutanenmu na kuka wai ma'aikatan asibiti ba su da tausayi, suna yi wa mai naƙuda tsawa. Ba mu wanke mai laifi ba. Amma a tambaya, ina tausayin ya tafi? An ƙone shi tun a makaranta, ranar da aka koya wa yarinya cewa hawaye abin kunya ne. Matar Fammar da za a ɗauko da tsakar dare zuwa asibitin Rano, ita ce za ta biya bashin.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kowace jami'a da makarantar koyon jinya a Jihar Kano ta ajiye ƙwararren mai ba da shawara, wanda ɗalibi zai gani a asirce, kuma maganarsa kada ta kai kunnen mai ba shi maki.

Na biyu, duk ranar da ɗalibi ya ga mutuwa ko wani abin firgita a wurin aiki, babbar sista ta zauna da shi su tattauna kafin ya koma.

Na uku, a ƙayyade awoyin aikin kwana na ɗalibai, kada a haɗa aikin kwana da jarrabawa a wuni guda.

Na huɗu, wanda ciwon damuwa ya kayar, a ba shi hutun jinya ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, kamar wanda ya karye a ƙafa.

Na biyar, Ƙananan Hukumomin Kibiya da Rano su ɗauki nauyin abinci da kuɗin motar 'ya'yansu masu wannan karatu, a kan kari, ba sai an san wani ba.

Ku kuma iyaye, in 'yarku ta zo hutu ku ga ta rame ta yi shiru, kada ku fara da tambayar sakamako, ku tambaye ta lafiyarta. Ku ɗalibai, wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa. Ku faɗa wa wanda kuka amince da shi, ku je asibiti, musamman in tunanin cutar da kanku ya fara zuwa muku. Wannan ba gazawa ba ce.

Mahukunta kuma su sani, haƙurin talaka ba kasafin kuɗi ba ne. Za mu ci gaba da tambaya a wannan fili har mu ji amsa: wa zai yi jinyar mai jinya?