Sharhi: Majinyata Nawa Ya Kamata Ma'aikacin Jinya Ɗaya Ya Kula Da Su?

Yajin aikin gargaɗi da Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NANNM, ta fara a asibitocin tarayya ranar 30 ga Yuli, 2025, an janye shi kafin cikar kwana bakwai ɗin da aka ɗiba masa. Ɗaya daga cikin buƙatun ƙungiyar a lokacin ita ce ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Batun ya shafi rai kai tsaye. Likita yakan zagaya ya duba majinyaci ya wuce, ma'aikacin jinya kuwa shi ke kwana da shi, shi ke fara lura idan numfashi ya sauya, ko jini ya ɓalle, ko ruwan da aka ɗaura ya ƙare. Binciken da Farfesa Linda Aiken ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda aka wallafa a 2002, ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100 a cikin kwana 30.

Wasu gwamnatoci sun mayar da lamarin doka. Jihar Kalifoniya ta fara aiki da tata a 2004, inda a yau nas ɗaya ba ya wuce majinyata biyu a ɗakin kulawa ta musamman, ko biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. Jihar Queensland ta Ostireliya ta bi sahu a 2016 da majinyata huɗu da rana, bakwai da dare.

Amma ƙayyadadden adadi mafi ƙarancin abin da ake buƙata kawai yake nunawa. Masu karaya goma da suka fara takawa ba su kai nauyin mai jijjigar haihuwa ɗaya da jarirai bakwaini biyu ba. Nauyin kuma yana sauyawa da yanayi: ɗakunan yara kan cika da damina saboda zazzaɓin cizon sauro, zazzaɓin Lassa kuma ya fi ƙamari da rani a jihohi irin su Ondo da Edo da Bauchi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar da tsarin WISN, wanda ke lissafa ma'aikata bisa ayyukan da ake yi da lokacin da kowanne ke ci, maimakon ƙirga gadaje.

A Najeriya, ƙaura zuwa ƙetare ta ƙara dagula lissafin. A farkon 2024, magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a Agustan 2024, ta kuma ƙara guraben ɗalibai a makarantun jinya. Duk da haka, sabon ɗauka ba ya maye gurbin wanda ya shekara goma a ɗakin tiyata, ƙara gurabe kuma ba zai rage wa kowa nauyi ba muddin waɗanda suka kammala suna zaune ba a ɗauke su aiki ba.

Akwai kuma abin da ke ɓoye girman giɓin. A asibitoci da dama, dangi ne ke wanke majinyaci, su ciyar da shi, su juya shi, su sayo magani. Aikin na gudana, amma ba ya shiga kowane lissafi.

Matakin farko bai buƙatar sabon gini: kowane asibiti ya riƙa rubuta yawan majinyata da tsananin ciwonsu da adadin ma'aikatan da ke bakin aiki safe da yamma da dare, a kuma gina kasafin ɗaukar ma'aikata a kan waɗannan alƙaluma. Cike giɓin da za su nuna kuwa sai da kuɗi, ga shi har yanzu kason lafiya a kasafin tarayya bai kai kashi 15 cikin 100 da shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja a 2001 ba.