A BUƊE WA YARANMU SANSANIN KUSALLA, AMMA BAN DA BINDIGA

Jiya a majalisa bayan Isha'i aka tayar da zancen kadet, wato horon soja da ake ba ɗaliban sakandare a sansani sau ɗaya a shekara. Wani yayanmu ya ce shi dai a koya musu harbi kawai, tunda Rogo ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, kuma kowa ya san abin da ke faruwa a can. Ban ce masa komai ba don girmansa, amma abin ya kwana a raina.

Tsoronsa gaskiya ne. A Disambar 2020 aka kwashe yara sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka ɗauke 'yan mata 279 a Jangebe, kuma a wannan watan gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana, har da ta Unity da ke Ƙaraye. Uban da ya je ɗauko ɗansa da akwati a lokacin ba zai manta ba.

To amma jama'a, yaro ɗan shekara 15 ne zai tare ɗan bindiga? Wallahi ranar da aka ji ɗalibai na riƙe da makami, ranar aka mayar da makarantarsu abin hari. A duba Borno: a 2019 sai da aka zare yara 894 daga cikin 'yan Kato da Gora a Maiduguri, bayan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu kuma nan ga siyasa. Ka koya wa yaro faɗa, ka sallame shi babu aiki, kakar zaɓe na zuwa wani zai saye shi da dubu biyu da ƙwaya. Mun ga yadda daba ta yi da cikin birni.

Ni abin da nake so daban ne. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima yana nan Kusalla, a ƙasarmu. Ana kawo 'ya'yan wasu daga ko'ina su yi mako uku su tafi, namu iyakarsu leƙe da sayar musu da ruwa. Me zai hana a lokacin dogon hutu, idan babu kowa a ciki, a nemi aron wurin a tara ɗaliban Ƙaraye da Rogo na kwana goma? A tashe su da asuba, su yi sallah, su yi fareti. A koya musu tsayar da jini da ɗaure karaya, da kashe gobara, da abin da za su yi idan sun ji harbi cikin dare: ina za su bi, wa za su kira. Sannan iyo. Mutanen da ke zaune da dam ɗin Kusalla da na Challawa ba sai an faɗa musu amfanin wannan ba.

'Yan mata ma a sa su, da masu horar da su mata, da masaukinsu daban. Kuma kada a ce iyaye su biya kuɗin kaki, don daga nan ɗan talaka ya fita.

Tunda ƙananan hukumomin biyu masarauta ɗaya suke, ba na jin haɗa shugabanninsu da sarki a kan wannan zai gagara. Wanda ya taɓa yin kadet ko Man O' War a cikinku, don Allah ya faɗa mana nawa kwana goma zai ci a kan yaro ɗaya, mu san da me za mu tunkare su.