Raddi Ga Mai Cewa Tsatsa Kashe Maganaɗisu Take Yi

Wata takarda tana yawo a hannun ɗaliban Dakoro masu shirin jarrabawa. Malamin da ya rubuta ta, ba sai na kama suna ba, cewa ya yi duk ƙarfen da iskar oksijin ta ci, maganaɗisunsa ya mutu, don haka binciken oksid ɗin ƙarafa asarar kuɗi ce. Malam, Allah ya gafarta maka, ginin nan tun daga tushe ya karkace.

Mayen ƙarfen da ɗan Adam ya fara sani dutse ne, magnetit, kuma oksid ne: atam 3 na ƙarfe, 4 na oksijin. Baƙin zoben da ke bayan lasifikar masallacin unguwarku oksid ne. Zaren kaset ɗin da muka tashi muna saurare, oksid aka shafa masa. Wanne ne gawar a cikinsu?

Za ka ce oksid ɗin kobalt kake nufi, wanda ko allura ba ya ja. Gaskiya ba ya ja, amma ba mutuwa ya yi ba. Atam ɗinsa sahu-sahu suke, wannan sahu na duban gabas, na kusa da shi na duban yamma, sai ƙarfinsu ya soke juna. A 1956 masana biyu, Meiklejohn da Bean, a ɗakin binciken General Electric da ke Amurka, suka ɗauki garin kobalt wanda kowace ƙwaya ta yi ɓawon oksid, suka sanyaya shi a cikin filin maganaɗisu. Sai suka tarar juya maganaɗisun kobalt ɗin zuwa wani gefe ya fi wuya a kan mayar da shi ɗaya gefen. Sahun oksid da ke manne da ƙarfen ne ya riƙe shi, kamar akuya a turke. Wannan ita ce karkatar musaya. Abin da ka kira matacce shi ne ya yi ɗaurin! Ko ba ka kai wannan babin ba ne?

Sai batun asarar kuɗi. A 1997 IBM ta fitar da faifan ajiyar kwamfuta wanda kan karatunsa ke da shimfiɗa biyu, ɗaya a ɗaure da wannan dabara, ɗaya a sake. Masana Fert da Grünberg sun karɓi kyautar Nobel a 2007 kan tushen aikin.

Da zafi ka kafa hujja da na saurare ka. Tsarin oksid ɗin kobalt yana wargajewa a kusan digiri 18, ina zai kai a bazarar Dakoro? Amma na nikel yana kai wajen digiri 250, masana'antu kuma suka koma ga gaurayen manganis.

Masanin maganaɗisu Louis Néel ma a 1970 bai hango amfanin irin waɗannan abubuwa masu atam sahu-sahu ba. Shi yana da uzuri, lokacin ba a ƙera wancan kan karatu na faifai ba.

Malam, ka janye takardar nan kafin yara su rubuta ta a jarrabawa.