Sheƙa, Tankaɗe da Darasin Sunke

Tun kafin a buɗe makarantar boko, Bahaushe ya san hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗe. Mace takan sheƙe hatsi, iska ta kwashe ƙaiƙayi saboda rashin nauyinsa. Takan tankaɗe gari da rariya, tsaki ya tsaya a sama saboda girmansa. Takan tace gasara, ruwa ya wuce, dusa ta rage. Waɗannan su ne darussan farko na ilmin sinadarai, sai dai ɗalibi yakan haddace su da Turanci, alhali kuwa yana ganinsu kullum a tsakar gidansu.

Abin da ya auku a Sunke ta ƙasar Anka ya isa ya nuna illar wannan giɓi. Masu neman zinariya sukan farfasa dutse, su niƙa shi a inji, su wanke garin domin zinariya ta kwanta saboda nauyinta. Daga nan sai su zuba zaiba ta kama ta, su ƙona curin, zaiba ta tashi da tururi mai guba. Amma dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje aka riƙa niƙansa a bushe. Ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara, aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Sunke da Dareta da Abare da 'Yargalma ta Bukkuyum. Yara wajen 400 suka rasu.

Abin lura shi ne, magani ma ta hanyar rabewa ya zo. An kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin da ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari.

Haƙiƙa talauci ne ya tura mutane ramukan, amma rashin sani ne ya kai dutsen cikin gida. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: duk abin da aka raba kashi biyu ne, kuma wanda aka yar ba ya ɓacewa. Wadda ta san inda dusarta take zuwa za ta fahimci haka, muddin an faɗa mata da harshenta.

Saboda haka wajibi ne Sashen Hausa ya haɗa kai da malaman kimiyya, a tattara kalmomin sheƙa da bakace da rairaya da tacewa, a rubuta ƙananan littattafai domin makarantu da gidajen rediyo. Rigakafi dai ya fi magani.